TAURA BIYU BA TA TAUNUWA: TARIHIN LASIFIKAR KUNNE

Mai karatu, da wani zai zo ya ce maka akwai lasifikar kunne, wato hedifon ɗin nan da samari ke ratayawa a wuya, wadda kuɗinta ya fi na sabuwar mota, na san cewa za ka yi zolayarka yake yi. To akwai ta. A shekarar 2015 kamfanin Sennheiser na ƙasar Jamus ya fito da wata mai suna HE 1 a kan kuɗi wajen Yuro 50,000, kuma aka samu masu saye. Abin da zai ƙara ɗaure maka kai shi ne, wanda ya saye ta ba zai iya fita da ita ko ƙofar gida ba, domin a jone take da wani akwati na dutsen marmara wanda sai an samo tebur mai ƙwari an ɗora shi. A ɗaya gefen kuma ga ɗan iyafis ɗin nan da ake tallarsa a bakin tasha, wanda za ka cusa a aljihu ka je Legas ka dawo ba ka san kana ɗauke da shi ba, amma sautinsa kamar ana kaɗa gwangwani.

A tsakanin waɗannan biyun duk mai son sayen ta kirki yake tsayawa yana tufka da warwara. Yana son sauti garau kamar mawaƙin na gabansa, yana kuma son abin da zai yi yawo da shi ba nauyi ba waya. Na bi tarihin wannan na'ura daga farkonta, sai na ga ashe wannan ja-in-ja ya haura shekara 140 ana yin sa, kuma sau da yawa in aka samu ɗaya sai an saki wani abu daga ɗayan. Wanda ya san tarihin zai fi sanin inda zai sa kuɗinsa.

DAGA OFISHIN TARHO

Da farko ba don kiɗa aka ƙera ta ba. Ma'aikatan ofishin tarho na shekarun 1880, masu haɗa mai kira da wanda ake kira, su ne suka buƙaci abin da zai riƙe musu kan tarho a kunne don hannuwansu su samu damar aiki. Abin da aka yi musu kunne ɗaya ne, kuma yana da nauyin kilo da dama, har sai an ɗora shi a kafaɗa. Ko bakin jonin nan mai kauri da muke gani a jikin amfilifaya har yau, mai faɗin milimita 6.35, daga allon waɗancan ofisoshi aka gado shi.

Kiɗa ya fara shiga ne a birnin Paris a 1881, lokacin da wani injiniya mai suna Clément Ader ya jera makirfo a dandalin gidan waƙe na opera, ya ja waya zuwa wajen wani baje kolin kayan lantarki. Mutum zai kara kan tarho ɗaya a kunnen dama, ɗaya a hagu, sai ya ji kamar yana ganin inda kowane mawaƙi yake tsaye. A Landan ma an kafa irin wannan a 1895 da sunan Electrophone, inda mai hali zai biya Fam 5 a shekara ya riƙa jin wasan kwaikwayo da wa'azin coci daga falonsa. Sai dai fa duk inda waya ta ƙare, nan jin daɗinsa ya ƙare.

Siffar da muka sani a yau, kofi biyu da baka a bisa kai, ana danganta ta ne da wani Ba'amurke ɗan jihar Utah mai suna Nathaniel Baldwin. A 1910 ya haɗa ta da hannunsa a kan teburin kicin ɗin gidansa, ya aika wa rundunar sojin ruwan Amurka. Da suka gwada sai suka ga ta fi duk abin da masu aikin rediyonsu ke amfani da shi jin ƙaramin sauti, suka ce ya kawo guda 100, ba su san cewa masana'antar tasa kicin ba ce. Amma ita ma don jin saƙon rediyo aka yi ta. In ka sa mata kiɗa, rabinsa ne zai iso kunnenka.

ZAMANIN ZAMA A FALO

A 1937 kamfanin Eugen Beyer na birnin Balin, wanda yau ake kira Beyerdynamic, ya fito da DT 48. Yadda take aiki shi ne yadda mafi yawan lasifikun kunne ke aiki har gobe: akwai wata 'yar fata siririya kamar fatar ganga, an manna mata naɗin waya a baya, an sa su cikin maganaɗisu. In wutar sauti ta ratsa naɗin sai fatar ta riƙa karkarwa tana tura iska cikin kunne. Wannan DT 48 ta yi tsawon rai, domin sai a 2012 aka daina ƙera ta, kuma ma'aikatan rediyo da masu ɗaukar fim ne suka fi amfani da ita.

Wanda ya kai ta hannun masu son kiɗa shi ne John Koss, mai busa ƙaho a ƙungiyar kiɗan jaz, wanda ke sana'ar ba da hayar talabijin a garin Milwaukee. A 1958 shi da wani injiniya, Martin Lange, suka ƙera ɗan garmaho na tafi-da-gidanka, suka haɗa masa lasifikar kunne don kawai a ji daɗin sabon faifan sitiriyo, mai raba sauti dama da hagu. Da suka kai wajen baje koli sai jama'a suka yi watsi da garmahon suka yi caa a kan lasifikar. Koss bai yi gardama da kasuwa ba, ya ajiye garmaho ya kama sayar da ita da sunan SP/3.

Daga nan aka shiga tseren neman tsabtar sauti, kuma ba wanda ya damu da nauyi, tunda dai a kujera za a zauna kusa da garmaho. A 1960 kamfanin Stax na Japan ya fara sayar da SR-1, wadda ba ta da naɗin waya ko maganaɗisu. Fatarta ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an rataye ta tsakanin faranti biyu masu huji, wutar lantarki ce ke jan ta gaba da baya. Saboda rashin nauyin fatar, ba ƙaramin motsin da ke kuɓuce mata, har numfashin mawaƙi kana ji. Amma tana buƙatar wuta mai ƙarfi, irin na yanzu bolt 580 suke ɗauka, don haka dole sai da akwatinta na musamman a jone da soket.

A 1968 kuma Sennheiser ya kawo HD 414, ta farko mai buɗaɗɗen baya. Kafin ita, bayan kofin a rufe yake ruf, sautin da ya fita ta baya sai ya bugi murfi ya dawo ya gauraya da na gaba, kamar mai magana a cikin randa. Da aka buɗe bayan sai sautin ya saki jiki, ka ji kamar a fili ake kiɗan. An sayar da fiye da miliyan 10. To amma ƙofar da sauti ya bi ya fita, ita hayaniya ke bi ta shigo. Na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin kukan yaron maƙwabta. Wannan matsala har yau tana nan a jikin duk wata mai buɗaɗɗen baya, komai tsadarta.

RANAR DA KIƊA YA FITA TITI

Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin Sony, mutum ne mai yawan doguwar tafiya a jirgin sama, kuma mai son sauraren opera. Ya gaji da jigilar ƙatuwar rikoda, sai ya nemi injiniyoyinsa su yi masa ƙarama. Suka ɗauki wata 'yar rikodar 'yan jarida da suke ƙerawa, suka cire mata lasifika da sashen ɗaukar magana, suka sa mata sitiriyo. Abokinsa Akio Morita ya gani ya ce wannan ai kayan kasuwa ne. Ranar 1 ga Yuli, 1979 aka fara sayar da Walkman a Japan a kan Yen 33,000, kuma kafin wata uku guda 30,000 ɗin farko sun ƙare.

Mutane sun fi tuna akwatin, amma ni a ganina sirrin yana wajen lasifikar da aka haɗo shi da ita. A lokacin, lasifikar kunne kan kai giram 300 zuwa 400. Wadda Sony ya haɗo da ita ba ta kai giram 50 ba, ga ɗan soso a kowane kunne, kuma batir biyu ƙanana sun isa su motsa ta. Da nauyin ya tsaya yadda yake, ba mai yawo da tulu a ka don jin waƙa. Har ramin joni biyu aka yi wa Walkman na farko don mutum biyu su ji tare, saboda ana tsoron kada a ɗauki sauraren mutum shi kaɗai a matsayin rashin ladabi. Daga baya aka gane kowa nasa yake so, aka cire ɗaya. Waɗanda suka yi wayo a zamanin kaset a garuruwanmu za su tuna yadda ake juya kaset da biro don a tattala batir.

Abin da aka biya a madadin wannan sauƙi shi ne kaurin sauti. Ƙaramar fata da ba ta rufe kunne ba ba ta iya kawo amon babbar ganga. Ga kuma sautin "sss" na kaset. Mutane suka ce sun ji sun gani, domin wanda ke cikin bas ba tsabtar sauti ce damuwarsa ba.

HANYA TA RABU BIYU

Daga nan sai masu ƙira suka kasu gida biyu. Masu neman ƙarshen kyau suka ƙara nitsawa cikin falo. A 1989 Sony ɗin dai ya fito da MDR-R10 mai kofin katako, guda 2,000 kacal. A 1991 Sennheiser ya ce wa injiniyoyinsa su ƙera wadda ta fi kowacce ba tare da duban kuɗi ba, suka yi Orpheus, guda 300, mai akwatin kwalabe masu ci da wuta irin na tsohuwar rediyo, kuma da makulli ake kunna ta kamar mota. Ita ce kakar HE 1 da na ambata a farko. A 1997 ya kawo HD 600 wadda har yanzu ake sayarwa, kuma masana sauti ke auna wasu da ita. Turjiyarta ga wuta om 300 ce, alhali na waya galibi ba sa wuce om 16 zuwa 32. Ma'ana, in ka jona ta kai tsaye a ƙaramar waya, sautin zai fito a sanyaye kamar marar lafiya, sai ka haɗa ta da amfilifaya. A 2009 kuma kamfanoni irin su Audeze da HiFiMan suka farfaɗo da wata tsohuwar ƙira mai shimfiɗaɗɗiyar fata tsakanin jerin maganaɗisu. Sautin ba magana, amma wasunsu sun haura rabin kilo, in ka daɗe da su wuyanka zai ba ka labari.

Su kuma masu neman sauƙin ɗauka suka koma rage sautin kansa. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana zubo bayanai kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus, ciki har da Karlheinz Brandenburg, suka ƙirƙiro MP3, wanda ke zubar da sassan sautin da aka lissafa cewa kunne ba zai lura da rashinsu ba. A ma'aunin 128 da aka fi yayi, kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ne ya rage. Da haka ne iPod na kamfanin Apple ya iya ɗaukar waƙa 1,000 a 2001, da fararen iyafis ɗinsa da suka zama ado. Da haka ne kuma mu ma muka samu sana'ar tura waƙoƙi a memori a kasuwannin waya. A 2008 Beats ta fito, ta mawaƙi Dr. Dre da Jimmy Iovine, ta mai da lasifikar kunne kayan gayu mai dukan ƙirji da bes, har Apple ya saye kamfanin a 2014 a kan Dala biliyan 3. A 2016 Apple ya toshe ramin jonin iyafis a iPhone 7 ya fito da AirPods marasa waya, sauran kamfanoni suka bi sahu. Shi kuwa Bluetooth ƙaramar hanya ce: tsarinsa na gama-gari bai cika wuce kilobit 328 ba, ko LDAC na Sony da ake yabo a 990 ya tsaya. Dole a matse sauti kafin ya wuce.

MASU NEMAN SULHU

Akwai waɗanda suka ƙi yarda a rabu haka. A 1978 Dakta Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana cikin jirgi daga Turai zuwa Amurka, rugugin inji ya hana shi jin kiɗan da aka ba shi. Tun a cikin jirgin ya fara lissafi: a sa ɗan makirfo ya saurari hayaniyar, sai na'ura ta ƙirƙiro kishiyar wannan sauti, su haɗu su kashe juna. Sai a 1989 aka fara sayar wa matuƙa jirgi, fasinja kuma sai a 2000. Dabarar tana cin gurnani mai ɗorewa irin na jirgi ko janareta, amma ba ta cika iya wa hon ko muryar mutum ba, kuma sai da batir.

Hanya ta biyu ta fito ne daga masu ƙera na'urar taimaka wa masu raunin ji. A 1991 kamfanin Etymotic na Amurka ya fito da ER-4, siririya mai shiga can cikin ramin kunne ta toshe shi. A 1995 Jerry Harvey, mai kula da sauti na ƙungiyar Van Halen, ya ƙera wa makaɗinsu irinta daidai da siffar kunnensa, don ya ji 'yan uwansa a dandali ba tare da ƙara ta kashe masa kunne ba. Wannan ita ce ta fi kusa da haɗa taura biyun: tana shiga aljihu, waya na iya motsa ta, tana kuma toshe hayaniya ba batir. A 'yan shekarun nan kamfanonin ƙasar Sin sun karya farashinta sosai. Abin da ta kasa shi ne faɗin nan na mai buɗaɗɗen baya. Kiɗan a tsakiyar kanka za ka ji shi, kuma wasu kunnuwan ba sa jure abu a cikinsu na awa biyu.

TO WACCE ZA A SAYA?

Ni dai abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, kowacce daga cikin waɗannan an ƙera ta ne don wani wuri: ofishin tarho, falo, jirgin sama, dandali. Don haka kafin ka tambayi suna ko farashi, tambayi kanka a ina za ka riƙa saurare. In kana da ɗaki mai shiru da wutar da za ka dogara da ita, kuma zama za ka yi, mai buɗaɗɗen baya da ɗan amfilifaya ba ta da na biyu. In rayuwarka a cikin A Daidaita Sahu da kasuwa take, sayen irin wannan asara ce, domin hayaniya za ta cinye duk abin da ka biya kuɗi dominsa. Nemi mai shiga cikin kunne ko mai rufaffen baya. In kai matafiyi ne ko maƙwabcin janareta, mai kashe hayaniya ta fi maka, amma ka sani batirin da ke cikinta yana da wa'adi, 'yan shekaru ne zai fara gajiya, alhali mai waya wadda ake iya sauya mata waya da soso takan yi shekara 20 tana aiki. Ka kuma tuna da zafinmu: kofin fata mai rufe kunne a watan Afrilu wanka ne da gumi.

Kada tsada ta ruɗe ka. A 2017 wani masani mai suna Jeroen Breebaart ya duba awon lasifikun kunne 283, ya tarar babu wata alaƙar kirki tsakanin farashi da yadda suke daidaita kauri da zaƙin sauti. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, inda ake sa mutane su saurara ba su san sunan abin da ke kansu ba, ya nuna mafi yawan mutane sun fi son sauti mai kama da na lasifika mai kyau a ɗaki mai kyau, kuma akwai masu araha da ke kusa da hakan. Saboda haka in da hali ka gwada kafin ka biya, kuma ka gwada da abin da kunnenka ya haddace. Sa waƙar Shata ka ji ko kalangu ya fita daban da muryar 'yan amshi, ko kuntigin Ɗan Maraya ka ji ko tsirkiyar na da kaifinta. Sa karatun Alƙur'ani ko karatun littafi ka ji ko muryar mutum ta fito kamar ta mutum. Ka kuma duba abin da kake zuba mata, domin waƙar da aka matse aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, lasifika mai kyau tona mata asiri kawai za ta yi. Sannan ka yi hattara da jabu, don sunan da ya fi tashe shi aka fi kwaikwaya.

Abu na ƙarshe ya fi kuɗi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'auninta shi ne, a ƙarfin desibel 80 babba zai iya sauraren awa 40 a mako, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Galibi hayaniyar waje ce ke sa mutum ya ƙure ƙara, don haka lasifikar da ta dace da wurin da kake ita ce za ta bar ka ka saurara a hankali. In ka cire ta ka ji kunnenka na ƙara "ziii", to ya yi maka gargaɗi ke nan, sai ka rage.

Allah Ya bar mu da jinmu da ganinmu har ƙarshen rayuwarmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.